Jan Kallabi a Filin Faifai

Ba zan taɓa mantawa da ranar nan ba, ko da kuwa na so, domin har yau akwai masu tuna mini. Ranar ziyarar iyaye ce a kwalejinmu ta horon malamai mata da ke Illela, ina aji biyar, a shekarun da soja suka rufe boda, rabin mazan garin suka koma zaman ƙofar gida suna sauraron rediyon Nijar. A ranar ne na yi gudun ceton rai a gaban mahaifina da shugabar makaranta da iyayen yara, ba kuwa kare ne ya biyo ni ba, wani ɗan farantin roba ne.

Bari in fara daga farko, ko da yake ni ba mai son doguwar shimfiɗa ba ce.

Muna da wata malamar lissafi, Baturiya daga Kanada, muna ce mata Malama Doguwa (ta sani, kuma tana amsawa). Ita ta zo mana da wasan a cikin akwatinta. Wani abu ne na roba mai faɗi kamar murfin kwano, ana wurga shi ya tafi yana shawagi a iska. Da Turanci yana da sunansa, amma tun ranar farko wata ta ce, "Ai faifai ne," sunan ya zauna. Mutum bakwai nan, bakwai can. Wadda faifai ke hannunta ba ta da ikon ɗaga ƙafa ta tafi da shi, dole ta jefa wa 'yar ɓangarenta. In ya faɗi ƙasa ko abokan hamayya suka cafe, ya zama nasu. In taku ta cafe shi a bayan layin ƙarshe, kun ci. Babu alƙalin wasa, babu usur. Wadda ta yi laifi ita za ta faɗa da bakinta. (Wannan dokar ta ba mu wahala fiye da sauran duka.)

Wallahi mun ji daɗin wasan nan. Da an yi la'asar, rana ta ɗan yi sanyi, sai mu zuba dogayen wanduna a ƙarƙashin riga mu nufi filin da ke bayan ɗakin cin abinci. Ƙamshin wake da shinkafa yana tasowa daga madafa, garken shanu suna wucewa ta bayan waya ana kora su kasuwar Lahadi, mu kuma muna ta ihu muna bin faifai ƙafa ba takalmi, ƙaya tana sukarmu ba ma ji sai an koma ɗaki. Har yanzu in na ji ƙamshin wake da yamma, sai in ji yatsuna suna neman bakin faifai.

Ni ce na fi kowa iyawa. Ba yabon kai ba ne, haka abin yake. Ina jifa ta baya, ina jifa ta gaba, ina yi masa wata irin lanƙwasa ya zagaye mutum ya faɗa hannun ƙawata Balki kamar an aike shi. Shi ya sa aka ba ni kyaftin. Abin da ba a duba ba lokacin da aka ba ni shi ne, ni ba ni da haƙuri ko na sisin kwabo. A gidanmu in aka aiki ƙanena ya tsaya neman takalmi, kafin ya samu na je na dawo.

To, a zangon ƙarshe sai abubuwa suka taru mana. Duk masu wasan 'yan aji biyar ne, za mu fita. Malama Doguwa ma wa'adinta ya cika, za ta koma ƙasarsu. Faifan da ta zo da su kuwa saura ɗaya: wani akuyar maigadi ta tauna, wani iska ta ɗauka ta ɗora a kan motar albasa muna kallo ya yi kudu. Wanda ya rage ya tsage a gefe, sai da mai liƙin bokiti na kasuwa ya liƙe shi da wuƙa mai zafi. Da can wata ƙawarta da ke Yamai kan aiko mata da sababbi ta Ƙonni, amma an rufe hanya. Ga kuma Malam Garba, malamin aikin gona, wanda ya daɗe yana kallon filinmu irin kallon da mai azumi ke wa randa. Ya je ya gaya wa shugabar makaranta cewa ƙasa mai kyau tana lalacewa a banza, a ba shi ya shuka wake kafin ruwan farko.

Shugabarmu, Hajiya, 'yar cikin birnin Sakkwato ce, ba ta ɗaga murya, amma in ta dube ka ta saman tabarau sai ka tuna laifin bara. Ta kira mu ni da Malama Doguwa ta ce, "Maganar Malam Garba gaskiya ce. In kun tafi, wa zai yi wasan? Ku nuna mini ranar ziyarar iyaye cewa akwai na baya da suka iya. In akwai, fili nasu ne. In babu, wake."

Malama Doguwa ta ce mini in gayyato 'yan aji ɗaya masu sha'awa. Ni kuwa ban ga amfanin jiran sha'awa ba. Na shiga ɗakin kwanansu na ce kowa ta miƙe ta ɗaga hannu sama, na zaɓi masu dogon hannu, na ce gobe bayan la'asar a fili. A makarantar kwana wa ya isa ya ce wa 'yar aji biyar a'a? Suka zo suna rawar jiki kamar za a yi musu allura.

A cikinsu akwai Kulu, 'yar Lafani, doguwa kamar karan dawa, mai murya kamar tana kiran wani daga gona. Akwai kuma Inno, 'yar mitsitsiya, wadda ban zaɓa ba, ta biyo Kulu ne don tsoron zama ita kaɗai.

Allah Ya gani na gwada. A makon farko na gwada. Kulu in ta ga faifai ya taho sai ta rufe ido ta miƙa hannu kamar mai karɓar addu'a. Wata in ta cafe sai ta rungume shi ta zura da gudu har layi, tana murna. Inno ba ta jifa sai ta gama bisimilla da wata doguwar addu'a da kakarta ta koya mata, kafin nan an ƙirga goman da doka ta ba mai riƙe da faifai an wuce. In kuwa suka jefa, faifai ya tashi a karkace ya nufi bishiyar dogon yaro, ko ya daki ƙasa da gefen nan da aka liƙe. Duk lokacin da ya daki ƙasa sai in ji kamar a haƙorina.

Malama Doguwa takan ce da Hausarta mai santsi, "Ki bari ya faɗi. Faɗuwa shi ne makaranta." Ni kuma in ce a raina, ke za ki hau jirgi ki tafi inda ake sayar da shi a kanti. Sai kuma zazzaɓi ya kwantar da ita, aka kai ta Sakkwato. Fili ya zama nawa ni kaɗai.

A nan ne na yi dabarar da a lokacin na ɗauka ta fi ta kowa. Na tara yaran na ce, "Ku saurara, ba na maimaitawa. Duk wadda faifai ya faɗo hannunta, kada ta yi tunani. Kada ta dubi gabas, kada ta dubi yamma. Ta neme ni ta jefo mini." Don kada su sha wahalar nemana, na ɗauko wani jan kallabi da gwaggona ta sayo mini a Ƙonni tun sefa na da arha, ja wur, ana hango shi daga bakin ƙofar makaranta. Kullum shi nake ɗaurawa. Na ƙara musu da wasu kalmomi da za ku ji nan gaba daga bakin da ba nawa ba.

Kuma abin ya yi aiki! Jifa ɗaya tak suka koya, gajere, miƙaƙƙe, zuwa ƙirjina. In wata ta yi kuskure ta dubi 'yar'uwarta, in daka mata tsawa, "Ke! Ina jan kallabi?" Cikin 'yan makonni faifai ya daina faɗuwa. Su cafe, su ba ni, ni in yi abin da ya dace. Na shirya yadda za a yi ranar: ni da sababbi a ɓangare guda, Balki da sauran manya a ɗaya ɓangaren, su ɗan sassauta mana. Hajiya ta ga yara suna ci, Malam Garba ya nemi wani wurin da wakensa. Na kwanta ina yaba wa kaina.

Ranar ta zo. An shimfiɗa tabarmi a inuwa, mata sun zo da kwanonin fura da soyayyen nama, maza suna kan benci. Mahaifina ya zo, ga gwaggona mai kallabin a gefe guda tana gaya wa duk wanda ya zauna kusa da ita cewa shugabar wasan ɗiyarta ce. Malama Doguwa ta dawo a rame, tana zaune da laima. Malam Garba ya tsaya a bakin fili yana murza ƙasa a tafin hannu.

Muna shirin farawa Hajiya ta ɗaga maficinta. "Ke Kyaftin, ba fita za ki yi bana ba?"

Na ce, "Fita zan yi, Hajiya."

"To mi kike yi cikin yara? Ni waɗanda za su rage nike son gani. Koma cikin 'yan ajinku."

Ban hango girman abin ba. Na tura Inno ta cike gurbina, na tsallaka wajen su Balki, na raɗa musu a yi a hankali. Ko sau ɗaya tunanin kallabin da ke kaina bai zo mini ba.

Muka wurga musu faifai, wasa ya fara. Kulu ta ɗauka. Ta tsaya yadda na koya mata, ƙafa ɗaya a kafe, ido a buɗe. Sauran 'yan ɓangarenta ba wadda ta motsa, sai ma suka dare gefe don kada su tare mata hanya. Ta waiga, ta hango ja, ta sako mini shi miƙe sambal. Ni kuwa hannuna bai yi shawara da ni ba, ya cafe.

Na ce da ita ƙasa-ƙasa, "Ba ni ba, ke! Ni ba taku ba ce yanzu!"

Ta ce da ƙarfi, "To, Kyaftin."

Na yi jifar banza da gangan don ya koma hannunsu. Wata yarinya ta ɗauka, ta nemi ja, ta jefo. Na sake cafewa. (Kada ku tambaye ni. Shekara huɗu ina horon hannun nan kada ya bar faifai ya wuce.) Na ji an fara 'yar dariya daga wajen benci. Balki ta ce, "Ke, ɓoye bayana." Na ɓoye. Yarinyar da ke riƙe da faifai ta leƙa ta dama, ta leƙa ta hagu, ta ce, "Gafara dai, Yaya Balki, ɗan matsa."

Daga nan na rasa hankalina. Na ce tunda ba su ji, bari in yi nisa inda jifarsu ba ta kaiwa. Na kwasa da gudu zuwa ƙarshen fili. Abin da ban sani ba, na horar da su sosai. Da suka ga jan kallabi ya yi nisa, sai suka fara abin da na kasa koya musu tun farko: wannan ta matsa kusa da ni, a jefa mata, wata ta ƙara matsowa, a jefa mata, duk don a iso da shi gare ni. Na yi gabas suka biyo ni. Na yi yamma suka biyo ni. Suna kira, "Kyaftin, ga shi! Kyaftin, tsaya!" Ni ina gudu ina kaɗa hannu ina cewa, "Ku rabu da ni!" 'Yan ajinmu sun daina wasa, Balki ta durƙusa tana riƙe da ciki. Wani tsoho a kan benci ya tambayi mahaifina da babbar murya, "Alhaji, wai wasan shi na a kama mai jan kallabi?"

Garin gudu na zagaya ta bayan layinmu, wato inda in suka cafe sun ci. Aka jefo, na sunkuya, faifai ya wuce ta saman kaina ya faɗa hannun Kulu, ƙafafunta biyu a bayan layi. Ci ne, ci mai kyau, na farko a rayuwarta. Malama Doguwa ta miƙe ta yar da laima tana tafi. Amma Kulu ba ta san ta ci ba, domin ban taɓa gaya mata amfanin layin ba. Ta dubi faifai, ta dube ni ina haki, ta tako a hankali, ta durƙusa har ƙasa, ta miƙo mini shi da hannu biyu kamar ta kawo wa surukarta ruwa.

Filin ya fashe da dariya. Har shanun bayan waya sai da suka waiga.

Hajiya ba ta yi dariya ba. Ta yafito Kulu da mafici. "Zo nan, ɗiyata. Mi ya sa kike ba abokiyar hamayya faifai?"

Na roƙi Allah a raina Ya sa yarinyar nan ta yi kunya ta yi shiru. Amma Kulu 'yar Lafani ce, an tambaye ta, za ta amsa, kuma da muryar gona.

"Hajiya, Kyaftin tac ce muna hannuwanmu na daka na, ba na jihwa ba. Tac ce wadda duk tas samu hwaihwai kar ta yi tunani, don ba mu da abin yin shi. Ta biɗi jan kallabi ta jehwa. Tac ce in munka jehwa ma juna, mu ka wanke kwanonin aji biyar har hutu."

Kalma ɗaya ba ta ƙara ba, kalma ɗaya ba ta rage ba.  Mahaifina ya cire hula yana duba cikinta kamar ya ajiye wani abu. Gwaggona, wadda ta wuni tana cewa ɗiyarta ce, sai na ji tana gaya wa ta kusa da ita, "Ɗiyar ƙanena ce dai." Malam Garba ya kakkaɓe hannunsa ya ce, "Hajiya, gobe in sa a kawo shanun huɗa?"

Hajiya ta ce, "Dakata, Malam." Ta cire gyalenta ta miƙo mini. "Rufe wannan jan abin. Zo ki zauna nan ƙasa kusa da ƙafata. In na ji bakinki, ke za ki shuka waken." Ta tura wata 'yar ajinmu ta maye gurbina, ta ce a ci gaba.

Aka ba Kulu faifai. Ta waiga ko'ina, babu ja. Ta dubo inda nake zaune, Hajiya ta sa mafici ta tare fuskata. Yarinyar ta tsaya kamar wadda aka bari a tasha. Can sai Inno, 'yar mitsitsiyar nan da ban zaɓa ba, ta ɗaga hannu ta ce da siririyar murya, "Kulu, ga ni." Kulu ta jefa. Ya faɗi. Ya daki ƙasa da gefen liƙin, na ji shi a haƙorina, na buɗe baki, mafici ya sauka a kaina. Aka sake, ya faɗi. Aka sake, ya tafi bishiya, sai da aka kakkaɓo shi da sanda. Wasa dai mummuna, ban taɓa ganin irinsa ba. Amma sai na lura suna dariya. Duk tsawon makonnin nan ban taɓa ganin haƙoran yaran nan ba. Suna kiran sunan juna, suna gudu ba wanda ya ce su gudu. Da Inno ta cafe wata jifa da kyar, faifai manne a ƙirji, ta tsaya ta yi addu'ar kakarta ba wanda ya katse ta, ta jefa wa Kulu a bayan layi. A wannan karon Balki ce ta yi ihu, "Kin ci! Kin ci, sakarya!" Wata mata daga tabarmi, ina jin uwar Inno ce, ta rangaɗa guɗa.

Manya sun cinye su, ba ma kusa ba. Da aka tashi, Hajiya ta ce wa Malam Garba ya ɗauki gefen gabas wajen waya, inda dama ƙaya ta fi yawa, sauran filin na yara ne. Sannan ta dube ni ta saman tabarau ta ce, "Kin ga sun iya bin mutum da faifai tun daga wancan ƙarshe har wannan. Ke kika koya musu, sai dai ba ki sani ba. Kawo gyalena."

Sauran zangon a bakin fili na ƙare shi, Malama Doguwa ta ba ni aikin ɗauko faifai in ya fita waje. Ranar da za ta tafi ta damƙa shi a hannun Kulu, ba nawa ba, kuma ban ce komai ba (abin da ya ba kowa mamaki, har ni).

Yanzu ina koyarwa a firamare a Gidan Katta. Kwanaki na shiga Illela ranar kasuwa, na biya ta makarantar da yamma. Filin yana nan, waken Malam Garba yana gefensa. Faifan ya daɗe da rabewa biyu, da murfin bokitin roba suke yi, sun kuma iya sarrafa shi. Kulu ce kyaftin, ta ƙara tsawo, tana tsaye a gefe hannu a baya, wata ƙaramar yarinya ta yar da murfi a gabanta, Kulu ta ce mata kawai, "Ɗauki ki sake." Na ji daɗi har idona ya ciko. Sai kuma wata ta riƙa kiran a ba ta, a ba ta, ita kaɗai, sai na ji duk filin ya ɗauka, "Jan kallabi! Jan kallabi!" Na tambayi wata da ke kusa da ni ma'anarsa. Ta ce haka ake ce wa mai son komai ya biyo ta hannunta, wai wata ce aka taɓa yi a da, har faifai ya kore ta. Na ce Allah Sarki, na gyara gyalena.

Abin da na koya ba shi da yawa. In yaro ya tsaya a gaban allo yana juya alli, hannuna yakan tashi da kansa zai fizge in rubuta masa. Sai in koma kujera in zauna a kan hannun, in bar shi ya rubuta karkataccen abinsa. Kallabin kuwa yana nan, da shi nake ɗaure bakin tulun ajinmu.